Shugabana a bariki ya matsa mini: me doka ta ce?

Wata ƙanwarmu soja da ke aiki a Maraɗi ta rubuto cewa na gaba da ita yana nemanta da lalata, da ta ƙi kuma sai ya ce ta manta da ƙarin galo, zai ma sa a tura ta daji.

Ƙanwata, wannan laifi ne mai suna a doka. Aya ta 281-1 ta kundin hukunta laifuka na Nijar, wadda ta shigo a gyaran 2003, ta tanadi kaso ga duk wanda ya yi amfani da umarni, barazana ko tilas don neman mace. In mai muƙami ne ya fake da muƙaminsa, hukuncin wata 3 ne zuwa shekara 1, da tarar jika 20 zuwa jika 200. A ganinmu ya yi kaɗan ƙwarai, amma shi ke akwai. Dokar ƙwadago ta 2012 ba ta shafi soja ba, don haka kada ki ɓata lokaci wajen sufetan aiki.

Inda irin wannan ƙara ke mutuwa shi ne shaida, domin maganar baki ce, ba kowa a wurin. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, na rubutu ko na murya. Hoton allo kaɗai ana iya musanta shi. Ki kai salular wurin usiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya duba lambar da saƙon ya fito, ya rubuta kwanan wata da sa'a, ya buga hatimi. Ki samu littafi kina rubuta rana, wuri, abin da ya faɗa da wanda ke kusa. Ki adana takardun makin aikinki na baya: in shekara uku ana yabonki sai maki ya faɗi bayan kin ƙi shi, takardun za su yi magana.

Daga nan ki rubuta koke ga wanda ke samansa, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Koken da ba shi da wannan hatimi, gobe sai a ce ba a gan shi ba. Kina kuma da damar kai ƙara wajen jandarma ko mai shigar da ƙara na babbar kotun Maraɗi. Tunda a bakin aiki abin ya faru, ana iya miƙa shari'ar ga kotun soja a Yamai. Wa'adin kai ƙara kan irin wannan laifi shekara 3 ne. In ba kuɗin lauya, ki nemi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a shari'a, a kotun.

Abu biyu za su juya shari'ar a kanki. In takardar canjin wuri ta fito, ki tafi, ki ƙalubalance ta a rubuce cikin gaggawa daga can. Ƙin zuwa laifin soja ne. Kuma kada ki kai sunansa Facebook, domin tun gyaran 2024 ɓata suna ta intanet na kai mutum kaso.