Haƙora 59 da watan da ke cikin agogo

Yaron da ke koyon aiki a shagona ya ɗauko wani agogon hannu da aka kawo gyara, mai 'yar taga shuɗiya a ƙasan fuskarsa, ya ce: "Maigida, yaya aka yi agogo ya san girman watan da ke sama? Kuma mai shi ya ce watan nasa ya riga na Allah cika da kwana ɗaya. Lalacewa ya yi?" Ga amsar da na ba shi.

Ajiye sukundireban nan tukuna, ja benci ka zauna. Agogon bai lalace ba, kuma bai san komai game da sama ba. Ƙirga kwanaki kawai yake yi, kamar mai jan carbi.

Amma kafin mu buɗe shi, koyi rarrabewa, domin kama da wane ba ta wane. Yawancin agogunan da za ka gani a tire a kasuwa masu hoton wata da taurari, dare da rana kawai suke nunawa. Ja kan agogon ka murza har hannun awa ya zagaya sau biyu. In ka ga wata ya shige rana ta fito, faifan ya yi zagaye guda cikin sa'o'i 24, to wannan ado ne. Na gaskiyar, duk wannan murzawar da ka yi, taku ɗaya tak zai yi, ɗan ƙanƙani, sai ka sa madubi a ido za ka lura.

In muka cire hannuwa muka ɗaga fuskar, za ka tarar da faifai mai haƙora a gefensa, an zana masa wata biyu, ɗaya na kallon ɗaya. Ƙirga haƙoran: 59. Giyar da ke ɗauke da hannun awa tana zagayawa sau biyu a yini, tana juya wata giya da ta ninka ta haƙora, ita kuma wannan sau ɗaya take zagayawa a yini. A kanta akwai ɗan yatsa na ƙarfe. Kullum, galibi cikin dare, yatsan zai zo ya tura haƙori ɗaya ya wuce abinsa. Akwai kuma wani siririn sifirin da ke faɗawa tsakanin haƙora ya riƙe faifan kada ya yi lilo kafin gobe. Aikin ke nan gaba ɗaya: faifai, yatsa, mariƙi.

Me ya sa 59? Daga haihuwar wata zuwa haihuwar na gaba, a matsakaicin lissafi, kwana 29 ne da sa'o'i 12 da minti 44 da 'yan daƙiƙu. Ka ce kwana 29 da rabi. To, ba maƙerin da zai iya yanka rabin haƙori. Sai aka haɗa wata biyu a faifai ɗaya, 29 da rabi sau biyu, ya ba da 59. Kai da ka yi makarantar allo ba baƙon lissafi ba ne gare ka: wata mai 29 da wata mai 30, in ka tara su, nawa ke nan? Shi ya sa in wata ɗaya ya shige ta dama, ɗan'uwansa yana shirin leƙowa ta hagu.

Shi kuma girma da raguwar da kake gani, tagar ce ke yin sa. Dubi ƙasanta, an yanka ta da tozo biyu. Watan da aka zana kullum cikakke ne, tozon hagu ke ɓoye shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan, ya fito fili a tsakiya, sannan tozon dama ya fara haɗiye shi. Dabara ce mai kyau, amma ba hoton sama ba ce sak. Daren goma ga wata ka ɗaga kai, za ka ga gefen da bai cika ba a kumbure yake, shi kuwa na agogo kamar an gatsa shi. Kuma masu ƙerawa sun zana shi a tsaye ne yadda ake ganinsa a ƙasashensu na can arewa, mu nan kuwa sau da yawa jinjirin wata a kwance muke ganinsa kamar 'yar ƙwarya.

Yanzu ga ƙorafin mai agogo. Ka tuna minti 44 ɗin nan da muka zubar? Ba su tafi ko'ina ba. Duk wata agogon yana riga sama da wannan ɗan lokaci, a shekara ya tara kusan sa'o'i tara, cikin shekara biyu da wata bakwai da 'yan kwanaki ya cika kwana guda cur. In mutumin nan ya kusa shekara uku bai taɓa saitin watan ba, agogonsa lafiya lau yake, abin da aka ƙera shi ya yi ke nan.

Kada ka ɗauka Turawan Suwizalan ne suka fara wannan lissafi. Wajen shekara ta 1000, masani Albiruni ya bayyana wata na'ura mai giyoyi da ake kira Huƙƙul Ƙamar, wato akwatin wata, kuma giya mai haƙora 59 na cikinta. Akwai wata na'urar da Muhammad bn Abi Bakr ya ƙera a Isfahan ta ƙasar Iran wajen 1221, tana nan a gidan tarihin kimiyya na Oxford, da tagarta mai nuna wata. Kafin su duka, na'urar Girkawa da aka tsamo a 1901 daga wani tsohon jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Antikythera tana da ɗan ƙwallo, rabi fari rabi baƙi, mai juyawa don nuna wata. Ni dai duk lokacin da na ɗaga faifan nan da hantsaki, sai in ji ina riƙe da abin da ya girmi agogon kansa.

Masu tsada sun rage kuskuren. Akwai tsarin giya mai haƙora 135, wanda watansa ke zama kwana 29 da sa'o'i 12 da minti 45, sai bayan shekara 122 yake kaucewa da kwana ɗaya. Kamfanin A. Lange & Söhne na Jamus ya yi wanda ke kai shekara 1058, kamfanin IWC kuma a 2024 ya fito da wanda lissafinsa ya kai shekara miliyan 45. Hazaƙa ce, ban raina ba. Sai dai in mai shi ya manta bai yi masa wani ba, ya kwana uku a aljihun tebur a tsaye, miliyoyin nan sun tashi a banza, dole a sake saiti kamar na kowa. Wasu ma sun wuce wata: Van Cleef & Arpels sun yi wani a 2014 mai duniyoyi shida suna zagaya rana a fuskar agogo, har da Zara matar wata, ɗan dutsen da ke wakiltar duniyar Zuhal, wato Saturn, kuwa sai ya haura shekara 29 kafin ya zagayo sau ɗaya. Da wuya irinsu su zo teburinmu. In sun zo, kada ka buɗe, ka kira ni.

Abin da zai zo maka kullum shi ne mai tambaya ana gab da azumi: "Agogon nan zai gaya mini ranar da wata zai tsaya?" Ka ce masa a'a, kai tsaye. Dalili biyu ne. Na farko, agogo matsakaicin lissafi yake bi, shi kuwa wata wani zagayen yakan gaza da sa'o'i shida ko bakwai, wani ya zarce da kamar haka. Na biyu, ranar da tagar ta yi duhu ita ce haihuwar wata a lissafin masana falaki, lokacin da yake saitin rana ba mai iya ganinsa. Ganinsa da ido kan zo bayan kwana ɗaya ko biyu. Gani ya kori ji, tsayuwar wata kuma sanarwar Sarkin Musulmi ake jira. Agogo iyakarsa ya ce maka lokaci ya matso, ka fara duba yamma bayan magariba.

Sai saiti, nan ne yara ke yi mini ɓarna. Ni ma na yi. Ina shekarunka na danna ɗan maɓallin gefe da ƙarfi alhali hannuwa na kan sha ɗaya na dare, yatsan yana cikin haƙori, ya karye ƙas. Mako biyu maigidana yana neman madadinsa, ni kuma mako biyu ina shara da ɗebo ruwa. Saboda haka, kafin ka taɓa maɓallin, murza hannuwa gaba har ka ga kwanan wata ya canza, ka san dare ya wuce, ka ci gaba zuwa wajen shida da rabi na safe. Tsakanin tara na dare da uku na asuba ba a taɓa shi. Ka danna da tsinken sakace, ban da allura ko bakin biro, suna karce jikin agogo. Kowace dannawa kwana ɗaya ce. Ka kawo wata tsakiyar taga daidai, sannan ka duba kalanda ka ga ranar da wata ya cika na baya-bayan nan, ka ƙara dannawa adadin kwanakin da suka wuce. Da cikakken wata nake saiti domin shi ido ke iya daidaitawa, duhu ba ya nuna tsakiyarsa.

Wannan na hannunka da ya yi gaba da kwana ɗaya, maɓallinsa ba ya komawa baya. Sau 58 za ka danna, faifan ya zagayo ya tsaya haƙori ɗaya kafin inda yake. Ka ƙirga a fili ina ji. Kuma in wata rana ka buɗe irinsa, kada yatsanka ya taɓa shuɗin fentin, tabon ba ya fita, mai kuma ɗigo ɗaya a bakin mariƙin ya isa. Miƙo tsinken, fara.