Filin Tambaya da Amsa: Wa Zai Fito a Uba a Wasan Makarantar 'Yan Mata?

Wasiƙun wannan makon duk a kan sutura a makaranta suka tsaya. Malaman makaranta ne da masu ɗinki suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Muna shirin wasan kwaikwayo na ranar raba kyaututtuka, kuma a wasan akwai uba, akwai alƙali. Bara da muka sa wa yarinya babbar riga da hula, wani mahaifi ya zo ya yi faɗa, ya ce mun mayar masa da ɗiya namiji. Bana shugaba ta ce in samo mafita ko a soke wasan. Yaya zan yi?
Malama, daga Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada a soke wasan, amma kada a raina maganar mahaifin nan, don ba da ka ya yi ta ba. Akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Wasu malamai suna ganin hanin ya haɗa har da wasan kwaikwayo, wasu suna sassautawa idan don koyarwa ne kuma mata ne zalla a wurin. A gefe guda, al'adarmu ta san irin wannan fitowa: a tashen azumi 'yan mata kan yi Mairama da Daudu, ɗaya ta fito a miji. Sai dai tashe a ƙofar gida daban, dandalin makaranta da iyaye ɗari da wayoyi a hannu daban.

Mafita tana cikin rubutun wasan. Ki ɗauki biro ki bi mazan da ke cikin labarin ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki: mene ne aikin wannan a labarin? Sau da yawa za ki ga ba namiji ake buƙata ba, mai iko ake buƙata. Uba mai hana karatu, gwaggo ko kaka za ta iya ɗaukar maganarsa kusan duka, har ta fi shi zafi. Ɗan kasuwa ya koma dillaliya. Alƙali kuwa, ba sai ya fito ba: a yi labule, a ji muryar hukunci daga baya, ko mai ba da labari ta ce ga abin da alƙali ya yanke, a nuna yadda hukuncin ya sauka a cikin gida. Nan ne ma wasan ya fi daɗi.

Idan akwai wanda ba makawa sai ya tsaya a dandali, ki ba shi alama ɗaya tak maimakon cikakkiyar shiga. Yarinya ta zauna da yunifom ɗinta da hijabinta, a ba ta sanda, ko carbi da buzu, ko a rataya mata kwali an rubuta Alƙali. Mutanen Sakkwato ba baƙin wannan ba ne. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ta riƙa naɗa jajis masu jagorantar 'Yan Taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar muƙami, kuma ba wanda ya ce sun zama maza. Gemun gawayi, gashin bakin auduga da kwaikwayon tafiyar maza su ne ke ta da ƙura, kuma ba abin da suke ƙara wa darasin. A bar su.

Sannan tsari. Ki kai wa shugaba rubutun wasan da jerin kayan da kowa zai sa, ta sa hannu. A sanar da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai mako biyu kafin ranar. Yarinyar da ta ce ba ta so, ko aka ce a gida ba a yarda ba, a canza ta ba tare da gori ba. Kayan wasa su kwana a sito, a ƙirga su wajen fita, a ƙirga wajen dawowa, domin daga ranar da hular ta shiga ɗakin kwana ta zama abin tsokana. Babbar ɓarna kuwa daga waya take zuwa. Bidiyon daƙiƙa ashirin da aka yanke daga wasan awa guda, ya faɗa WhatsApp ko TikTok, ba ya tafiya da bayanin cewa wasa ne, kuma yarinyar ce za ta kwana da shi, ba ke ba. A sanar tun kafin a fara cewa makaranta kaɗai za ta ɗauki hoto.

TAMBAYA: Ɗiyata ta sami gurbin karatun kimiyya a wata babbar makaranta a nan cikin gari. Sau biyu masu gadi na mayar da ita daga ƙofa, wai shigarta ta saɓa doka, alhali da mayafinta. Me zan ɗinka mata? Kuma wando ba shigar maza ba ce?
Wata uwa, daga Mabera

AMSA: Hajiya, kafin ki je wurin tela, ki sa ta karɓo littafin dokokin ɗalibai daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, don kowace makaranta da nata. Abin da aka fi hanawa dai sananne ne: matsattsun kaya, shara-shara, riga marar hannu, siket mai doguwar tsaga, yagaggen wando, ga maza kuma zazzago wando, ɗan kunne da kitso. Mayafi ba ya ceton rigar da ta kama jiki, kuma galibi a nan ake samun matsala.

Ki saya mata yadin auduga ko mai yawan auduga. Zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato kan haura digiri 40, roba zalla kuwa tana riƙe gumi ta manne a jiki, sai rigar da aka ɗinka da faɗi ta koma kamar matsattsiya. Ki ɗaga yadin a rana tun a kasuwa. Idan kina ganin yatsunki ta baya, sai da shafi a ciki. A wanke a shanya kafin a yanka, don auduga na tsukewa. Yadi huɗu zai yi doguwar riga, huɗu da rabi zuwa biyar riga har gwiwa da wando, biyu da rabi hijabi idan yadin mai faɗi ne. Tela ya bar sararin inci biyu zuwa uku a ƙirji da ƙugu. In an gama ta gwada a gida: ta ɗaga hannu sama, ta zauna, ta taka matakala. Tsawon hijabi ya tsaya a gwiwa in dai kabu-kabu za ta riƙa hawa, don mai jan ƙasa yakan shiga sarƙa ko taya, kuma faɗuwar ba ta da kyau.

Ranar shiga ɗakin gwaji kuwa, ƙaramin hijabin auduga za ta sa, ta cusa shi cikin farar rigar gwaji ta ɓalla maɓallai, da takalmi rufaffe. Yadin roba in ya taɓa wuta narkewa yake ya liƙe a fata.

Batun wando, ɗinki ne ke raba na mace da na namiji. Riga da wando da hijabi ai shi ne yunifom ɗin 'yan mata a makarantunmu tun tuni. Hijabin kansa ma ba abin da za a hana ta: sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi a makarantun gwamnatin Legas haƙƙin sa shi. Idan aka sake mayar da ita, ta tambaya cikin ladabi wace doka ce a littafin, ta rubuta rana da lokaci, ta kai ofishin. Kada ta tsaya cacar baki a ƙofa.

TAMBAYA: Ɗana yana aji ɗaya a makarantar kwana ta maza. An kira ni wai an kama shi da zane da ɗankwali yana rawa da dare, za a dakatar da shi. Shi kuma kuka kawai yake yi.
Wani uba, daga Runjin Sambo

AMSA: Malam, kada ka ɗaga masa hannu, kada kuma ka sa hannu a takardar dakatarwa tukuna. Ka ja shi gefe, nesa da makaranta, ka tambaye shi abu uku: zanen na waye, wa ya ɗaura masa, su wa ke kallo. Ɗan aji ɗaya ba kasafai yake shirya irin wannan da kansa ba. Tsohon salon cin zali ne a makarantun kwana: manya su ɗaura wa ƙarami zanen gado, su sa shi rawa ko su kira shi amarya, in ya faɗa ya sha duka. Kukan da yake yi ba ya magana, da alama tsoro ne.

Ka rubuta wa shugaban makaranta takarda, ka riƙe kwafi, ka nemi kwamitin ladabtarwa ya zauna da kai a wurin, a kira malamin ɗakin kwana da shugaban ɗakin, a ji yaran ɗaya bayan ɗaya ba a gaban manyan ba. Ka nemi a sauya masa ɗaki a ranar, kuma kada a yi maganar a taron safe, domin in sunan ɗan daudu ya kama yaro a makarantar maza, har ya gama ba ya sakinsa. Ka duba jikinsa. In akwai rauni ko ya ce an taɓa shi ta wata hanya, asibiti za ku fara zuwa a rubuta rahoto, sannan Ma'aikatar Ilimi. In kuma ta tabbata wasa ne shi da sa'o'insa, gargaɗi a rubuce da zama da mai ba ɗalibai shawara sun isa a karon farko.