Kafin kilin ya bar turke

Ɗana, saƙonka ya iso. Za ka tafi karatu na shekara guda, abokinka ya roƙi aron kilinka, farin dokin nan naka, har ka dawo, ya ce kuma a haɗa masa da kurun, ɗan gajeren dokin nan, saboda yaransa. Kana tambaya ko a wurin masu doki abin kunya ne a gindaya wa aboki sharaɗi, balle a kawo maganar takarda.

Babu kunya a ciki. Ko a da, da ake ba da aro da baki, ba a yin sa daga kai sai shi. Sai an kira mutum biyu sun tsaya, an zagaya dokin, an ɗaga ƙafafunsa huɗu, an buɗe bakinsa. Takarda shaida ce kawai da ba ta mantuwa. Ka haɗa da hotonsa ta kowane gefe ranar da zai tafi.

Ni ina goyon bayan aron. Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30, don haka tafiyar shekara ɗaya ba dalilin sayarwa ba ce. In kuma ka bar shi ɗaure ba kilisa, jikinsa zai saki, ya koyi cizon turke da harbin iska. Can kuwa zai motsa jini, ka huta da ciyarwa, abokinka ya gane ko zai iya riƙon doki kafin ya sayi nasa.

Amma bari ka ji abin da ya same ni. Na taɓa ba wani aminina aron goɗiyata, baƙa wuluk, mai taushin baki, wadda ko yaro ya ja linzami kaɗan sai ta tsaya. Na ji nauyin ce masa komai. Bayan wata shida ta dawo da farin gashi wuri biyu a gadon bayanta, kusa da kafaɗa, daidai inda sirdin da bai dace da ita ba ya yi ta gurza har ya zama miki. Wannan farin ba ya komawa. Bakinta kuma ya yi tauri, sai ka ja da hannu biyu. Ashe ƙannensa ne suka yi ta sukuwa da ita. Aminin nan ba mugu ba ne, ni ne ban ce masa kada kowa ya hau ba. Mun fi shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta hannu daga nesa ba.

Saboda haka kilin ya tafi da sirdinsa da linzaminsa da majayinsa, a kuma faɗi sunan wanda zai hau. Ka'idar da aka saba da ita, mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dabbar. Kurun ne na fi ji wa wannan, don babba yakan ce bari ya ɗan gwada.

Sai ciki. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. In aka sauya masa abinci dare ɗaya, murɗar ciki kan biyo baya, za ka gan shi yana waiwayen kwiɓinsa, yana tonon ƙasa, yana birgima. Ka ba su abincin da ya saba ci, su riƙa gaurayawa da nasu a hankali har kwana 10. Ruwa kuwa yakan sha lita 25 zuwa 50 a yini. Kuru da ƙauna ake kashe shi: yara su yi ta ɗura masa hatsi, ya yi ƙiba, cikin kofatonsa ya kumbura, ya riƙa tsayuwa yana miƙe ƙafafun gaba don zafi. A faɗa wa yaran a gabanka. Yankan kofato duk mako 6 zuwa 8, da maganin tsutsa da allurar rigakafi, na wanda ya karɓi aron ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maganar da ba a son yi ita ce ta mutuwa. In ya karye, ko ya gurgunce, ko ya harbi ɗan wani, wa zai ɗauka? Wa zai biya likitan dabbobi in ciwon ya yi tsanani, wa kuma ke da ikon yanke shawara in an kira ka ba a same ka ba? Ra'ayina, ajali ba a biyan sa, sakaci ake biya, amma ku rubuta abin da kuke kira sakaci tun kuna dariya. Ku sa har da cewa ba zai ba wani aro ba, ba zai sauya masa wuri ba sai da saninka, kuma duk wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba ya ba ɗan'uwansa sanarwar wata guda.

Ka sa sunana a matsayin wanda zai riƙa leƙawa. Zan je ba tare da na aika ba, in shafa haƙarƙarinsa, in duba ƙarƙashin sirdi. Ka faɗa wa abokinka tun yanzu don kada ya ga kamar zargi ne. Ranar da za a kai su kuma ka kira ni da wuri, ina so in ga bargar da idona, da inda za su sha ruwa.

Kawunka.