Amsa: Ƙarin jami'o'i ko makarantun koyon sana'a?

Malam, ka tambaya ko gara gwamnati ta ƙara gina jami'o'i ko ta karkata ga makarantun koyon sana'a. A ganina, Kano tana buƙatar duka biyun, amma ɓangaren sana'a ne aka bari a baya.

Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta daɗe tana yaye likitoci da injiniyoyi, kuma har yanzu guraben karatu ba su isa masu nema ba. Sai dai injiniya ɗaya ba ya tafiyar da masana'anta a Sharada ko Bompai, dole sai da masu walda da masu gyaran injuna da masu haɗa wutar lantarki, kuma waɗannan su ne muke bari su koyi aiki a bakin titi ba tare da takardar shaida ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran da ke gyaran waya a Farm Centre suna da basira, horo mai tsari kawai suka rasa. Da za a wadata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da kayan aiki da wuta, a kuma ba wa almajiran masu sana'a shaidar ƙwarewa, da masana'antunmu sun sami ma'aikata a gida.