Me Ya Sa Wayata Take Canja Mini Kalmomi?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Duk lokacin da na rubuta "gobe" a WhatsApp sai waya ta mayar da ita "globe". Wata ƙawata ta ce in cire kibod ɗin in sa SwiftKey. Shin ya fi Gboard ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, wayarki ba ta san Hausa kike rubutawa ba. A zatonta Turanci ne kike kuskurewa, shi ya sa take yi miki gyaran da ba ki nema ba. Ko kin canja kibod, muddin ba ki saka masa Hausa ba, haka zai ci gaba da yi.

A Gboard ki shiga Settings, ki taɓa Languages, ki ƙara Hausa. Daga nan idan kika danne b, d ko k na ɗan lokaci, za ki ga ɓ, ɗ da ƙ sun fito. Sai ki koma Text correction ki kashe Auto-correction, amma ki bar layin da ke nuna kalmomi a saman haruffa. Abubuwa biyu ne da mutane ke haɗawa: na farko yana sauya kalma ba da izininki ba, na biyu shawara kawai yake bayarwa, in kin so ki ɗauka. In ya dage da kawo wata kalma da ba kya so, danne ta ki ja ta zuwa kwandon shara.

Batun wanda ya fi kuwa, SwiftKey, wanda Microsoft ta saya a 2016, shi ma yana da Hausa, kuma a ganina ya fi saurin gane mai cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, irin yadda mu duka muke yi a hira.  Ni dai Gboard nake amfani da shi, don sabo. Kada ki yi tsammanin ɗaya daga cikinsu zai bambanta miki "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, sai dai kibod ɗin ya yi canki-canka daga kalmar da ta gabata.

Tambaya: Yallaɓai, kibod yana ganin lambar sirrin banki na?

Amsa: Duk abin da ka buga ta cikinsa yake bi, ɗan'uwa. Manyan kibod ba sa koyon abin da aka rubuta a gurbin lambar sirri. Damuwata ita ce waɗannan masu walƙiya da furanni da ake turo wa juna ta Xender. A 2017 bayanan mutum kusan miliyan 31 masu amfani da kibod ɗin ai.type suka fito fili a intanet. In ba ka san kamfanin da ya yi naka ba, cire shi yau, ka ɗauko wani daga Play Store.