Wane Suna Ya Dace da Hoton da Aka Haɗa da Yanke-yanken Mujalla?

Wata malama mai koyar da zane ta aiko da tambaya. Ta ce takan sa ɗalibanta su yanko hotuna da haruffa daga tsofaffin mujallu, su manna su a kan kwali guda har sabon hoto ya fito, amma ta rasa sunan da za ta kira aikin da Hausa, wani abokin aikinta kuma ya ce mata ai sunansa haɗin gambiza.

Malama, ban goyi bayan wannan suna ba. Ana cewa haɗin gambiza ne idan aka cakuɗa abubuwan da ba su dace da juna ba, kuma duk wanda ya furta maganar kushe yake nufi. Ki dubi ɗalibinki lokacin da ya yanko shuɗin sama daga wani talla, ya yanko idon mage daga wani shafi, ya jera su a kan kwalin bai shafa gam ba tukuna, yana matsar da wannan, yana ɗauke wancan, har sai idonsa ya gamsu. Wanda ya yi irin wannan zaɓe da tsari bai cancanci a kira aikinsa da sunan raini ba.

Turawa suna kiran aikin kolaj, daga wata kalmar Faransanci mai nufin mannawa, kuma ya samu shiga cikin manyan zane-zane a Faransa a 1912, lokacin da Georges Braque da Pablo Picasso suka fara manna takardu a jikin zanensu. Bayan su, Hannah Höch ta Jamus ta shahara da yanko hotunan jaridu da mujallu tana harhaɗawa. Tun da tushen sunan mannawa ne, sai mu dubi abin da muke da shi: manna da liƙa. A wurare da yawa suna musanya, domin ana manna takarda a bango, ana kuma liƙa ta. Sai dai liƙa tana da reshen da ke karkata zuwa toshewa, kamar a liƙe ambulan ko a liƙe ɓula, ita kuwa manna ta tsaya ga haɗa fuska da fuska. Saboda haka na fi son a ce hoton yanka-manna, bisa ƙirar da muka saba da ita a faɗi-tashi da kai-komo, inda aikatau biyu suke haɗuwa su zama suna. Kayan aikin ma baƙi ne da suka zama 'yan gida: mujalla daga Larabci take, haka almakashi, wanda ya shigo tare da "al" ɗinsa, gam kuwa daga Ingilishi.

Wani mai karatu kuma ya tambaya ko karin maganar nan, kayan aro ba ya rufe katara, ta hau kan wannan aiki, tun da hotunan na wasu ne. Katara ita ce gefen cinya daga sama, kuma manufar maganar ita ce abin da ba naka ba ba ya suturta ka sosai, domin mai shi yana iya karɓewa. Hoton da aka riga aka yanka ba zai koma mujallarsa ba, ya kuma sami sabuwar ma'ana a hannun wanda ya tsara shi, don haka karin maganar da ta fi kusa ita ce, da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai idan za a buga hoton ko a sayar da shi, batun haƙƙin wanda ya ɗauki hoton asali yakan taso, kuma a nan ya kamata a nemi izininsa tun kafin a kai ga bugawa.