Amsar Baffa kan kuɗin wasannin intanet

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka bar yaronka ya shiga duniyoyin wasa na intanet inda yara ke saye da sayarwa, tunda an saba nesanta yaro da harkar kuɗi har sai ya yi hankali. Ka bar shi, amma ka fara duba ta inda kuɗin wasan ke fitowa.

Iri biyu ne. A wasannin Neopets da Whyville, waɗanda suka fito a 1999, yaro na yin wasa ko aiki ne a biya shi da kuɗin cikin wasan. A Neopets yana iya buɗe shago, ya ajiye a banki, har ya sayi hannun jari, amma ba zai wuce hannu 1,000 a rana ba. Wannan iri shi ke koyarwa, domin yaron ya sha wahala kafin ya samu. Na biyu shi ne irin Robux, kuɗin wasan Roblox, wanda akasari da katinka na banki ake saye. Nan abin da yaro zai ƙware a kai shi ne roƙonka.

Darasin da na fi so shi ne na tsada. Kullum wasan na ƙirƙiro sababbin kuɗi ga duk wanda ya buga, alhali kayan da ba su da yawa ba sa ƙaruwa. Sai ka ga hular da yaro ya yi wata yana tara wa kuɗi ta ninka farashi kafin ya kai. Kada ka lallashe shi, tambaye shi me ya jawo. Wannan tsadar ce ta sa kamfanonin wasan ke saka haraji da kayan da ke ƙarewa, don su tsotse rarar kuɗin.

Kafin ya fara, cire katinka daga wayar, ka sa lambar sirri a kan duk wani saye. Wannan ba wasa ba ne: a 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin da ya yi wasan Fortnite mayar da dala miliyan 245 saboda sayayyar da ba a yi niyya ba. Ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ku duba tare duk mako. Hana shi akwatunan sa'a, waɗanda ake biya ba a san me ke ciki ba; ƙasar Beljiyam ta ɗauke su caca tun 2018. Sannan ka gargaɗe shi kan mai cewa “ba ni tukuna, zan ninka maka”, da mai neman kalmar sirrinsa.

Abu ɗaya wasan ba ya iyawa: asararsa ba ta ciwo, gobe a sake tarawa. Don haka ka haɗa masa da ɗan kuɗin gaske a hannu, in ya ƙarar kafin lokaci kada ka ƙara masa.

Ka gaishe min da mutan gidan.